Akwatin Rumfa ta Tara

Ruwan bai kai rabin sa'a ba. Da ya ɗauke aka tura ƙofar ɗakin ajiya na makarantar firamare, aka tarar da tsintsiyoyi, da allo mai karyayyar ƙafa, da buhun alli. Akwatin zaɓe kuwa ko sama ko ƙasa.

Zaɓen cike gurbi ne. Kansilan mazaɓar ya rasu wata uku da suka wuce, mutum biyu suka fito neman kujerarsa: ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta, da mai kantin maganin bakin tasha, wanda ake ce wa Likita ko da yake ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa gani ba. Rumfuna takwas sun kai sakamakonsu, Likita na gaba da ƙuri'a arba'in da ɗaya. Saura rumfa ta tara, ita kuwa a unguwar su Auta take. An fara ƙirga a gindin bishiya, tarin Auta har ya kere na Likita nesa ba kusa ba, sai iska ta taso. Malamar da aka ba shugabancin rumfar ta kwashe ƙuri'un ta mayar cikin akwati a gaban wakilai, ta ɗaure, ta sa hatimi, ta ruga da shi ɗakin ajiya. Ana haka iska ta yaye kwanon aji huɗu ya sauko a kan wani tela. Kowa ya yi can.

Yanzu ga Malama a ofishin hedimasta da ankwa a hannu, ga jama'a cike da fili, kowa da wanda yake zargi.

Baturen zaɓe ya hau benci, rigarsa sharkaf. Ya ce, "Ku saurara! Idan akwati bai bayyana ba zuwa sha biyun ranar gobe, zan soke rumfa ta tara, in sanar da sakamako da takwas ɗin da ke hannuna. Mai riƙe da makulli kuma mota za ta wuce da ita babban birni, can za ta yi wa alƙali bayani."

Wani daga cikin samarin Auta ya ɗaga murya, "Nonon gidan su Auta ta sha, ta sayar da su!"

Daidai nan wani dattijo dogo mai ɗingishi ya ratsa taron da sanda mai tsaga-tsaga a hannu. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata, da babura, da yaran da suka ɓata, har sunansa ya ɓace aka bar masa Mai Sawu. Malama 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi.

*

Sajen 'yan sanda ya tare shi a ƙofar ofis. Sun sha aiki tare. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, ba na son in ɓoye maka. Irin wannan laifin, mafi ƙaranci shekara uku. Kuma ta ƙi buɗe baki."

Mai Sawu ya shiga ya zauna a kan teburin hedimasta. Ya dubi hannun 'yarsa da ke cikin ƙarfe, ya kawar da ido.

"Kin kulle ɗakin?"

"Makulli na wajen Saje."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Hijabinta na ɗigar ruwa a kan siminti.

"Wa kika gani a kusa da ƙofar?"

"Baba, ka tafi gida. Ƙafarka ba ta son sanyi."

"Ke! Gidan yari ake maganar kai ki, kina yi mini zancen ƙafa?"

Ta juya ta fuskanci bango. Tun tana ƙarama, in ta yi haka an gama.

Ya fito ransa a dagule. Maganar da saurayin nan ya yi ta nono ba ƙarya ba ce. Kwananta tara a duniya uwarta ta rasu, Inna mahaifiyar Auta ce ta karɓe ta, ta haɗa su su biyu a ƙirji ɗaya. Yarinyar da ta tashi a tsakar gidan nan ba za ta sayar da akwatinsu ba. To me take rufewa?

Gaban ɗakin ajiya ya zama caɓi, ƙafa ɗari ta bi ta kai. Bai ko tsaya ba. Ya bi jikin bango ya zagaya baya, inda ba mai zuwa sai awaki. Can ya sami abu biyu a kan laka sabuwa: sawun tayar babur da ya yi wajen tasha a guje, da sawun takalmi sau-ciki na namiji da ya miƙe wajen gonaki. Rana ta kusa faɗuwa. Ya sa aka kifa kwanukan wanki a kan sawun takalmin guda uku mafi kyau, ya kira maigadin makarantar.

"Me ka gani?"

Maigadi ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, ni da ruwa ya sauko ƙarƙashin tebur na shiga, albashina bai kai in mutu a kansa ba. Amma na leƙo. Na ga babur ɗin Likita ya fita ta baya, da wani abu babba a lulluɓe cikin leda."

Kafin ya rufe baki samarin Auta sun ji. Suka yi tasha da gudu, kowa na tsintar dutse.

*

Sai da Saje ya tsaya a ƙofar kantin magani ya daka tsawa sannan aka ja baya. Likita na ciki, gumi ya jiƙa shi.

Mai Sawu ya ce, "Me ka ɗauko a leda?"

"Shigo ka gani da idonka, tunda bakina ba shi da daraja a garin nan."

Ya ɗaga labulen baya. Tela ne kwance a kan benci, kafaɗarsa naɗe da bandeji, ledar da aka rufe shi da ita tana gefe duk jini.

Telan ya ɗago kai da ƙyar. "Ni ne akwatin, Baba. Ku ƙirga ni, ɗinki goma sha ɗaya. Kuma wallahi ɗinkin banza ne, da yaron shagona ya yi irinsa da na kore shi."

Likita ya ce, "Ka ji ɗan halak. Kuma fa Auta ya zaɓa."

"Gobe ma shi zan zaɓa."

Mai Sawu ya duba tayar babur ɗin, ya duba ƙasan takalmin Likita. Silifas ne na roba. Ya fito ya dubi samarin.

"Ku zubar da duwatsun nan. Mutumin da kuke so ku ƙona wa shago, ɗan uwanku ya ɗauko yana zubar da jini."

Suka watse suna gunaguni. Likita ya biyo shi waje ya kama hannun rigarsa. "Baba, ina son kujerar nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba ta wannan hanyar ba. In aka ba ni haka, har in mutu ɓarawon akwati za a riƙa kirana. Ka nemo shi."

*

Gari na wayewa Mai Sawu ya taso mai gyaran takalmi daga rumfarsa, ya kai shi bayan makaranta, ya ɗaga kwano ɗaya. Laka ta sha iska, sawun ya fito raɗau kamar an zana. A dunduniyar hagu akwai faci mai layi uku a karkace.

Mai gyaran ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sai ya ja da baya yana salati.

"Aikina ne. Da tayar mota na yanka shi."

"Na wa?"

"Na marigayi Kansila. Kullum dunduniyar hagu yake cinyewa. Na ce ya sayi sabo, ya ce in aka gan shi da sabon takalmi za a ce kuɗin famfo ya ci."

Kafin hantsi magana ta gama gari. Mata a bakin rijiya suna cewa marigayi ne ya tashi ya ɗauke akwatin, ba ya son kowa ya hau kujerarsa. Saje ya yi tsaki. "Fatalwa ba ta sa takalmi. Mu je gidan."

Matar marigayi ta yi musu magana ta bayan labule. Ta ce kayan sawarsa an rabar, amma takalmin nan ba a ba kowa ba, yana ɗakinsa na zaure. Ɗakin a kulle yake tun ranar rasuwa. Makulli kuma yana rataye a ƙusa a tsakar gida, duk ɗan gida ya san wurin.

Auta ya fito idonsa jajur, bai yi barci ba. Saje ya tare shi.

"Ga yadda nake gani. An cusa ƙuri'un bogi a akwatin nan, ka ji tsoron a gane, ka sa takalmin yayanka ka ɗauke."

"Ni? Ni da nake cin zaɓe zan sace akwatina? Saje, ka karya kuwa da safen nan?"

Mai Sawu ya sunkuya. Ya ɗora sandarsa a gefen ƙafar Auta, ya ƙirga tsaga. Ƙafar ta fi sawun tsawo da yatsa biyu.

"Ko da mai aka shafa masa ba zai shiga ba."

Saje ya ce, "To ya ba wani. A buɗe ɗakin."

Auta ya tare ƙofar da jikinsa. "Ba mai buɗe ɗakin yayana sai da takardar alƙali. Inna ba ta da lafiya, jiya ruwa ya dake ta, ba za ku tayar mata da hankali ba."

Saje ya dubi agogo. Takwas da rabi. Takardar alƙali ba ta samuwa kafin azahar.

Mai Sawu ya ce, "Ka tara mini kowa a aji shida ƙarfe sha ɗaya. Ni zan koma in tambayi ƙasa."

*

Shi kaɗai ya koma. Jiya duhu da tashin hankali sun sa takalmin kawai ya kalla, kuma ya fi kowa sanin takalmi aro ake yi, tafiya ce ba a aro.

Ya sunkuya a kan sawu na farko. Dunduniya ta nutse, tsakiya ta nutse, amma kan takalmin ko taɓa laka bai yi sosai ba. Babu yatsu a wurin. Ƙafar da ke ciki ƙarama ce, iyo take yi. Ya auna tsakanin taku da taku: bai kai rabin na namiji ba. A gefen kowane sawu na dama akwai wani ɗan shafi siriri, irin wanda jiƙaƙƙen bakin zane ke bari.

Ya bi. Taku talatin, ga shatar gindin akwati a ƙasa, an ajiye an huta. Taku ashirin da biyar, an sake ajiyewa. Ɓarawo ba ya hutawa a fili. Kuma duk inda aka ajiye, a kan tudu ne ko a kan ciyawa, ba a bari ruwa ya taɓa shi ba.

Ya ci gaba da bi.

A ƙarshen gonakin akwai lambatu wanda yaro ɗan shekara bakwai zai tsallake da wasa. Mai takalmin bai tsallaka ba. Ya zauna a baki, ya zura ƙafafu, ya ratsa ta cikin ruwa, ya dafa ɗaya gefen ya hau. Hannun da ya dafa ya bar hotonsa a laka, na dama, yatsu a buɗe. Manuniya guntuwa ce, ta tsaya a gaɓa ta farko.

Mai Sawu ya zauna a ƙasa daɓas.

Ya san hannun. Injin niƙa ne ya cinye yatsan tun suna da ƙuruciya. Hannun nan ne ya miƙo ya karɓi jaririyarsa ranar da ya dawo daga binne matarsa.

Daga nan bai ƙara kallon ƙasa ba. Ya san inda sawun ya nufa: ƙofar baya ta gidan da ya baro ɗazu.

*

Inna na zaune a ɗakinta a kan tabarma, lulluɓe da bargo. Takalmin na bakin ƙofa, an wanke shi, an ciro tsumman da aka cusa a ciki an shanya.

Ta ce, "Shigo, Baban Malama. Tun jiya nake jin sandarka."

"Yaya, me ya sa?"

"Zauna tukuna. Yarinyar ta ci abinci?"

"Ta ƙi ci. Ta ƙi magana."

Inna ta rufe ido. "Ita ta shigar da ni ɗakin, ta ga ina rawar sanyi. Ta ce, Inna zauna nan kada ruwa ya taɓa ki. Ta ja ƙofa ta ruga wajen telan. Wallahi ban je da niyya ba. Ƙuri'a na je jefawa, kuma Likita na jefa wa. Takalmin ma tun rasuwa nake sa shi in zan fita, hijabi na rufewa, sai in ji kamar tare muke tafe. To sai ga ni ga akwati. Roba ce, ana ganin ciki. Takarda a kan takarda, duk alamar jam'iyyarsu, duk da yatsa a kai."

Ta yi tari, ta goge baki da gefen bargo.

"Shekara biyu da wata bakwai babban ya yi a kujerar nan, ban taɓa ganin ya ci abinci da zafinsa ba. Kafin gari ya waye sun yi layi a ƙofa. Wannan matarsa na asibiti, wannan ɗansa na neman aiki, wannan kwata ta cinye masa katanga. Ran da ya faɗi, a banɗaki ya faɗi, da buta a hannu. Na fita ba mayafi ina cewa ku taimaka, ɗana ya faɗi. Ka san abin da wani ya ce mini? Ya ce, Inna koma ki gaya masa mun gane wannan dabarar. Suka yi dariya. Sai da na kama rigar wani na ja shi ciki da ƙarfi. Kafin a samo mota ya cika."

Mai Sawu ya sunkuyar da kai.

"Kwana uku da binne shi, su ɗin dai suka zo gaisuwa, suka ja Auta gefe. Na roƙe shi, na yi kuka, har na durƙusa wa ɗan da na haifa. Ya ce Inna, jama'a ne suka ce. Jama'a!"

"Ina akwatin?"

"Yana ɗakin yayansa, na rufe shi da bargo. Ko hatimin ban taɓa ba, amanar mutane ce. Ni ba ɓarauniya ba ce. So nake kawai sha biyu ta wuce."

"Sha biyu na yi za a sa yarinyar a mota."

"Za su sake ta. Ba su da shaida."

"Makulli a hannunta yake, Yaya. Ita ce shaidar. Shekara uku, kuma ba za ta ƙara riƙe alli ba har abada."

"Za ta fito da ranta." Inna ta ƙara jan bargon. "Daga can ana fitowa. Inda nawa ya tafi fa? Baban Malama, ban taɓa roƙonka komai ba. Shekara biyu na shayar da ita, ko sabulu ban karɓa a hannunka ba. Sa'a biyu nake roƙo. Kai ɗaya gare ka, ni ma ɗaya ya rage mini."

Ya miƙe da ƙyar, ya dafa sanda. Ya fita.

*

Aji shida ya cika, waɗanda ba su sami wuri ba suka maƙale a tagogi. Baturen zaɓe na gaba da takardunsa, agogonsa a kan tebur. Auta a dama da mutanensa, Likita a hagu da nasa. Maigadi, da mai gyaran takalmi, da matar marigayi. Malama a kan benci kusa da Saje. Can baya, cikin mata, Inna ta lallaɓo ta zauna. A waje direban motar babban birni ya riga ya tayar da inji.

Sha ɗaya da rabi Mai Sawu ya shigo.

Ya ce, "Likita, tashi. Kai mutum ka ɗauka, ba akwati ba. Duk wanda ya jefi shagonka ya nemi gafararka." Ya juya. "Maigadi, kai tsoro ne laifinka, shi kuwa ba a ɗaure mutum a kansa, da gari ya zama kango."

Aka ɗan yi dariya, ta mutu nan take.

"Marigayi kuma ku bar shi ya huta. Takalminsa ne ya fita da akwatin, amma ƙafar da ke ciki ta mai rai ce."

Baturen zaɓe ya ce, "Ta wa?"

Mai Sawu ya dubi bayan aji. Inna na kallonsa ido cikin ido, ba ta motsa ba. Ya jira. Agogo na tafiya. Ya dubi 'yarsa, ta girgiza masa kai a hankali, hawaye na bin kumatunta.

Baturen zaɓe ya ce, "Dattijo, saura minti ashirin."

Saje ya miƙe ya kama hannun Malama. "Tashi mu je."

"Dakata." Mai Sawu ya ɗaga sandarsa. Ya sani in ya ambaci sunan tsohuwar za ta yi shiru, 'yarsa ta rantse ƙarya ne, lokaci ya ƙare ana gardama. Hanya ɗaya ce ke fito da uwa daga inda ta ɓuya, ya sha ganinta a daji. "Akwatin yana gidan su Auta, a ɗakin marigayi. Ɗakin da Auta ya tare da jikinsa ɗazu."

Aji ya kaure. Saje ya saki Malama ya yi tsalle ya damƙi wuyan rigar Auta. "Na faɗa! Tun safe na faɗa!" Mutanen Likita suka hau benci suna ihun ɓarawo. Auta na rantsuwa, ba mai jin sa. Wani kurtu ya murɗe masa hannu ta baya.

"Ku sake shi!"

Ba ƙara ta yi ba, amma kowa ya ji. Inna ta miƙe tana dafa kafaɗar wata mata.

"Ku sake mini ɗa. Bai san komai ba. Ni na ɗauka."

Auta ya juyo, bakinsa a buɗe. "Inna, zauna. Zazzaɓi ne ke damunki."

"Ni na ɗauka, Auta. Na ce maka kada ka tsaya, ba ka ji ba." Ta dubi baturen zaɓe. "Yarinyar nan laifinta ɗaya, ta ga tsohuwa na rawar sanyi ta ba ta mafaka. Ku cire mata ƙarfen nan."

Sannan ta dubi Mai Sawu. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

*

Saura minti shida aka shigo da akwatin, a bushe, hatimi lafiya lau. Wakilai suka duba suka sa hannu. Aka ƙirga a kan teburin malami, Likita da kansa yana tsaye. Da aka haɗa da rumfuna takwas, Auta ya wuce da ƙuri'a tamanin da shida.

Likita ya miƙa masa hannu. Auta bai gani ba, uwarsa yake kallo. Kafin ya taka zuwa wurinta samari sun afko ta ƙofa da taga, suka ɗaga shi sama, suka yi waje da shi.

Saje ya buɗe ankwar Malama. Ya dubi siraran hannuwan Inna, ya dubi ƙarfen, ya jefa shi aljihu.

"Inna, sai dai ki yi haƙuri. Dole mu je." Ya juya ga Malama. "Ke kin fita. Amma ranar Litinin za a kira ki shaida."

Motar da aka tanadar wa Malama ita ta ɗauki Inna. Matakin na da tsawo. Malama ta riƙe mata hannun hagu, Mai Sawu ya miƙa nasa zai kama na dama, tsohuwar ta janye.

"Bar shi, Baban Malama. Ka yi naka aikin."

Saje ne ya taimaka mata ta hau. Can bakin titi taron ya yi gaba da Auta a kafaɗa, yana ta waiwaye yana kiran Inna, ganguna da hon ɗin babura sun cinye muryarsa. Inna ta leƙo ta taga ta bi su da ido har suka sha kwana.

Ta ce, "Sun tafi da shi." Mota ta ja.

Fili ya rage daga uba sai 'ya, sai kwanon aji huɗu a yashe. Malama na murza inda ƙarfe ya kwanta mata.

"Ranar Litinin ni zan tsaya gaban alƙali in nuna ta da yatsa."

"Na sani."

"Da ɗanta ka kama ta, Baba."

"Na sani."

"Da ka bar ni. Shekara uku ce, tana ƙarewa."

Ya ce, "Shekarata saba'in da ɗaya. Ba ni da tabbacin ukun."

Ta ɗauki jakarta ta yi gaba da sauri, shi kuma ya biyo ta yana jan ƙafa, ratar da ke tsakaninsu na ƙaruwa. A bakin ƙofar makaranta ta tsaya. Ba ta juyo ba, amma ba ta wuce ba, har ya iso.